Ajuji, wanda mutuwa ta raina

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai ƙanena Ajuji makwancinsa a nan Tamanrasset. Ban yi lekkol ba, wato boko, faɗa nake ana rubutawa, amma abin da na gani da idona ba mai gyara mini shi.

Innarmu wabi ta yi a ƙauyenmu na ƙasar Damagaram. Bayana maza uku ta binne, ba wanda ya kai yaye. Da na huɗu ya zo, kakarmu ta naɗe shi a tsumma, ta ajiye shi a juji cikin toka, ta juya baya. Ina laɓe ina jin kukansa, ina tsoron kada karnuka su zo. Sai maƙwabciya ta ɗauko shi tana cewa, "Na tsinci shara, wa ke so?" Dabarar ke nan, mutuwa ta ga ba a damu da shi ba, ta wuce. Daga nan sunan ya samo asali, kuma a zamaninmu kowace unguwa da Ajujinta. Namu ya yi furfura, shi ya kawo mu garin nan.

Yau jikarsa Hadiza, a unguwar Gataa El Oued, ta binne ƴaƴa biyu. Na ukun namiji ne, kwanansa biyar. Na je wa mijinta da maganar sunan.

"Kaka, canfi ne," in ji shi. "Rai na Allah ne, kuma ɗana ba shara ba ne."

"Ɗan nan, ka fi kakan matarka daraja ne?"

Ya ɗauki cebur ɗinsa ya tafi gini.

Da Ajuji na nan, wataƙila bayansa zai bi, don mutum ne mai yawan salla. Ni ma na san rai na Allah ne. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ƴan barka sai yabon yaron suke, ana ɗaukar hotonsa ana aikawa gida Zinder. Kowane yabo ji nake kamar ana yafito mutuwa ta zo ta duba.

Jibi suna. Shagon Ajuji na unguwar Sersouf ya koma hannun wasu, abin da ya rage nasa sai sunan nan da ba mai so. Ɗazu da na yi wa jaririn wanka, na lakato toka a murhun shayi na shafa masa a tafin ƙafa, na ɗaga murya na ce, "Kai mummuna, Ajuji, wa ke son ka?"

Hadiza ta ji. Sai ta miƙo mini ɗaya ƙafar.