Murafan Gilashi a Tsaye

Ranar Talata da hantsi, a tashar Gaya, ni da direban Ajingi muna loda murafan tukwane na gilashi, kayan ɗakin 'yata. Ya ce a jibge su a kwance. Nan na tuna marigayi Baffa, tsohon ɗan tireda.

Shi a tsaye yake jera su, yana cusa ƙaiƙayin gero a tsakani har hannuwansa su yi furu-furu. Ranar da na ɗora buhun gyaɗa a kan kwalinsu, ya sauke da kansa, ya ce, "Ɗana, gilashi ba ya yafe gargadar hanya."

Na ce wa direba, "Malam, a tsaye za su tafi." Ya yi tsaki, na sake jera su a tsaye cikin kwali.

Allah ya haskaka kabarin Baffa. Da la'asar aka buɗe kwalin a Ajingi, ko ɗaya bai tsage ba.