Gurun da Na Ɗinka wa Yaya Sikeli

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Yaya Mamman ya san ba a miƙa mishi hannu a tsaya da ƙafa biyu. Kana cewa "ina kwana" sai ka ji ƙasa ta bar ka. Ya rungumo ka ta ƙugu, ya ɗaga, ya ɗan jijjiga kamar mai tayin kabewa, ya dire, sannan ya ce, "Tiya ashirin da huɗu. Lahiya lau." Shi ke nan an gaisa. Manyan mata kaɗai sunka tsira daga hannunshi.

Ɗan dako ne a kasuwar Sabon Birni, kuma bai san kilo ba. Da tiyar gero yake auna duniya, buhu tiya arba'in, mutum kuwa gwargwadon abin da Allah ya ba shi. Daga nan sunan Sikeli ya bi shi. 'Yan sakai masu cinikin hatsi sun tsane shi ƙwarai, don ko bai kwance buhu ba zai saɓa ya ce, "Alhaji, wanga ya yi azumi, saura tiya biyu." In an auna, biyun ce.

Kun san bai taɓa aure ba, amma ƙila yaran yanzu ba su san dalili ba. An kai shi Tozai gaida uban yarinya, an yi ta jan kunnenshi a hanya. Ya shiga zaure, ya durƙusa yadda anka koya mishi. Tsohon ya miƙo hannu. Wayyo! Sai ga dattijo a sama, takalmi ɗaya ya faɗi.

"Tiya goma sha tara, Baba, har da rawani. Ana ba ka abinci kuwa gidanga?"

Har ya mutu shina cewa, "Ni mi na yi? Goma sha tara ta. A je a auna."

To, sai shekarun fari sunka zo. Damina biyu a jere gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Maigidana ya tafi kudu cin rani, ni kuwa na baro Gangara da yara biyu na dawo gidan Yaya. Anza muke jiƙawa kwana da kwanaki har ɗacin ya ragu, mu haɗa da ganyen tafasa da 'yar dusa in an samu.

Kowace Juma'a in ya dawo masallaci yaran unguwa sukan yi mishi layi a ƙofar gida, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, suna ƙyalƙyala dariya. Da can wasa ne. A shekarar nan mu iyaye munka koma laɓewa bayan zana muna saurare, kowa da lissafin makon jiya a ranta. Wata Juma'a ya ɗaga ɗan farina, ya riƙe shi ya daɗe, ya dire shi a hankali, ya shafa kanshi, ya ce, "Na gaba." Bai faɗi tiya ba. Kwana tara tsakani, shi ya ɗauke shi cikin tabarma, a hannu ɗaya, zuwa maƙabarta.

Saura Hajara, tana shekara uku. Tiya uku da rabi.

Cikin haka wani mutum ya zo daga Sakkwato, kowa Koci yake ce mishi. Shina neman ƙarfafa don wata gasar ɗaga ƙarfe ta ƙasashe da za a yi a Yamai. Ya iske Yaya shina sauke masarar agaji, buhu a kai buhu a kafaɗa, ya tsaya ya yi mishi bayani.

"A ɗaga a kai ina?" in ji Yaya.

"Ba a kaiwa ko'ina. Ka ɗaga, ka aje."

"Nan inda na ɗauka?"

"Nan."

"Kuma mutane su taso daga ƙasashe don wanga? Koci, kai ma yunwar ta taɓa ka?"

Ya juya zai tafi, sai Koci ya ce ai wanda anka zaɓa ana ciyar da shi: madarar gari, wake, kifin gwangwani, har wata huɗu. Yaya ya dawo da baya-baya, buhu na kanshi.

Aka ce ya koma Sakkwato wurin horo, ya ce sam, ruwan Sakkwato ba shi da nauyi, sassaɓe mutum yake. Koci ya yi lallashi har ya gaji, ya yarda ya yi horonshi a gida, amma da sharaɗi. Duk mako biyu za su haɗu a Isa, Yaya ya hau sikeli na gaske. In ya sauka daga tiya talatin da shida, wato nauyin ajin da anka rubuta shi, to abincin ba ya shiga jikinshi ke nan, sai a yanke a ba wani.

Ƙarfen horo kuwa babu. Ya samo wani dogon ƙarfe na matacciyar mota, ya bi gida-gida shina aron duwatsun niƙa, ya ɗaure su da igiyar rijiya gefe da gefe. Da hantsi sai ka ji nishi a tsakar gidanmu kamar ana ta da raƙumi. Ya saɓa ya tsugunna ya miƙe, ya kwanta kan benci ya tura sama, ya duƙa ya ɗago daga ƙasa. Iri uku ke nan da ake yi a gasar. Ran nan Inna Ige maƙwabciyarmu ta shigo da faɗa.

"Kai Mamman, mahaukacin banza, maido min dutsena!"

"To, Inna. Mi za ki niƙa?"

Ta tsaya. Ta dubi dutsen, ta dube shi. Ta ce, "Ka riƙa aje shi a hankali dai," ta fita.

Ranar da ya kawo kayan farko daga Isa, na dama mishi madara a kwano na kai. Ya shinshina ya ture.

"Kwashe wagga ƙazanta, Rakiya. Kumbura min ciki take. Ki ba Hajara, ita ba ta san daɗi ba."

Na buɗe kifi. Ya leƙa gwangwanin ya ce kifin da ba shi da kai, shi bai san asalinshi ba, ba ya ci. Wake kuwa wai shina sa shi barci. Ya jawo ƙwaryar anza ya cinye, ya yi gyatsa mai ƙarfi don in ji.

Yaya da ya taɓa shanye nonon Bafulatana ƙwarya guda a tsaye, yau shi madara ke kumburawa! Na sani sarai. Na ɗauki kwanon na kai bakin ɗiyata.

Da mako biyu ya kusa, ya shigo da wata tsohuwar fata da notocin mota cike da hula, ya zube gabana.

"Ɗinka min guru. Ki jera su ciki, ki sa tsumma kar su yi ƙara."

"Yaya, maganin mi?"

"Maganin sikeli."

Na ɗinka. Duk ranar da za shi Isa sai ya sha ruwa har ya ji shina tangaɗi, ya ɗaura gurun ƙarƙashin riga. Duk mako biyu kuma sai na farke ɗinki na ƙara notoci. Shi ke gaya min adadi, don ya san abin da ya zube a jikinshi ko bai hau komai ba. Da gurun ya cika, na ɗinka na biyu na haɗa da na farko.

Koci ba wawa ba ne. Ya zagaya shi ya ce, "Malam Mamman, wuyanka ya yi tsawo, amma sikeli ya ce kana nan."

"Nama na ya koma ƙashi, Koci. Ƙashi ya fi nauyi."

"Wannan fa, a ƙugunka?"

"Kar ka taɓa! Na kakanni na. Wani ɗan Unguwar Lalle ya taɓa, har yau da hagu yake cin tuwo."

Koci ya janye hannu.

Sau ɗaya na yi magana, sau ɗaya tak. Saura mako uku tafiya, ya tsugunna da duwatsu, ya kasa tashi, sunka kife da shi. Na same shi zaune cikin ƙura, leɓenshi ya yi fari. Na ce, "Yaya, ko kofi guda ka sha." Ya kira Hajara, ya ɗaga ta daga zaune.

"Huɗu da rabi. Sai ta kai biyar."

Da na ƙara ko kalma ɗaya, ƙila da ya sha. Ban ƙara ba. Na koma ɗaki na ɗauko basilla. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Abin da ya faru a Yamai daga bakinshi na ji, Koci kuma ya cike inda ya tsallake. Ashe can ba a hawa sikeli sai an tuɓe, daga kai sai ɗan kamfai. Ya ce gurun kakanni ne, sunka ce ko na wa ne a cire. Wani ma'aikaci ya miƙo hannu ɗaya ya karɓa, gurun ya fizge shi, ya faɗi ƙasa, ɗinki ya fashe. Notoci sunka watse ko'ina cikin ɗakin, ƙattin ƙasashe suna tsalle suna kauce musu.

"Kakanninka makanikai ne?" in ji Koci.

Sikelin wurin ya ce tiya talatin. Aka sauke shi zuwa ajin ƙasa. Koci ya roƙe shi ya fara da nauyi kaɗan, don ƙa'idar ita ce kai za ka faɗi abin da za a ɗora ma, sau uku za ka gwada, kuma in ka kasa ba a ragewa. Yaya ya ce buhu biyu da tiya goma, abin da yake ɗagawa farkon horo.

"Wancan Mamman ɗin ba shi ya zo ba," in ji Koci.

"Sikelin Faransa na, ba ya jin Hausa. Rubuta."

Mutumin da bai taɓa kuskuren tiya ɗaya a kan buhun wani ba! Ni dai ina ganin ya san gaskiya. In ya yarda ya rame, sai a tambayi inda madara ta tafi, shi kuwa ba ya son sunana ya fito a bakin kowa.

Ya shiga ƙarƙashin ƙarfe, ya saɓa, ya tsugunna. Sai da mutum huɗu sunka ɗauke mishi. Ya koma na biyu, haka. A na uku wani abu ya yi ƙara a bayanshi, har alƙalin da ke zaune gefe ya ji. Aka ɗaga jajayen tutoci, aka fitar da shi a kan hannu. Sauran iri biyun ko gwadawa bai yi ba.

In an tambaye shi a kasuwa yakan ce, "Tsugunnawa kam ba wanda ya kai ni. Har tafi anka yi. Tashin na ɗai ba mu daidaita ba."

A bayan mota anka kawo shi kwance, da jaka rungume a ƙirji. Na buɗe: guntayen burodi sun bushe kamar dutse, da sukari 'yan ƙwaya-ƙwaya da ya bi teburan masauki shina tsincewa. Kafin a shigar da shi ɗaki ya ce a ɗora mishi Hajara a ciki. Ya tura ta sama da hannu biyu, ya rufe ido.

"Biyar. Har da kofi guda."

Koci na tsaye bakin zana. Ya daɗe shina kallon yarinyar. Sannan ya ciro fatar gurun daga aljihu ya miƙo min, ya ce, "Ɗinkin ya yi kyau." Ya tafi. Bayan mako biyu wani direba ya aje mana gwangwanin madara, bai ce daga wa ba.

Yaya bai ƙara dako ba. Shekara da shekaru shina zaune kan buzu a bakin kasuwa, a duƙe, ana kawo mishi ƙullin albasa da kaji shina aunawa da hannu. Hajara ta girma, ta yi aure, 'ya'yanta biyar. Duk wanda anka haifa, kafin wanzami ya taɓa kanshi sai an kai wa Kawu ya faɗi tiya.

Da ciwon ƙarshe ya kwantar da shi, ita ta bar gidanta ta zo jinya. Safiyar ranar da ya cika, ta sa hannu ta ɗago shi don in canza shimfiɗa. Ɗagowa ɗaya ta yi, kamar ta ɗauki jariri. Ya buɗe ido.

"Nawa?"

Ta ce, "Talatin da shida, Kawu."

"Ƙarya ta. Goma sha bakwai." Ya numfasa. "Rakiya, kin ji ɗiyarki? Duk madarar nan, ko awo ba ta iya ba."

Munka yi dariya mu uku, ita tana riƙe da shi ba ta aje ba.

Fatar gurun tana nan ƙasan adakata. Ya Allah, ranar da za ka kafa naka ma'auni, ka ɗora wa Yaya kowane kofi da ya ture, ka cika mishi har ya rinjaya. Ni kuma ka yafe min shirun da na yi. Allah ya sa ya huta, ya miƙe bayanshi. Amin.