Rigar Aro da Sunan Isiyaku Mai Faci

Shekara shida ke nan da muka kai Isiyaku Mai Faci makwancinsa. Ni Kirista ne, don haka daga gefe na tsaya har 'yan'uwansa suka gama rufe shi, sannan muka dawo Hayin Banki tare. Tun daga lokacin, duk shekara idan watan rasuwarsa ya zagayo nakan je in gai da mahaifiyarsa, Inna Hajara, in sha furarta, in koma gida in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni saboda abin da na tarar a gidan. Amma bari in fara gaya muku ko wane ne Isiyaku, tunda waɗanda ya kamata su sanar da ƙasar nan sunansa sun ƙi.

Lokacin da aka turo ni daga Zonkwa in koyar a wata firamare kusa da Kawo, a gidan su Isiyaku na kama ɗakin haya. Isiyaku yana facin keke a gindin wata dalbejiya a bakin hanyar Zariya. Kayan aikinsa ba su wuce famfo da gam da 'yan sifanu da kwanon ruwan neman huji ba. Hannunsa na da kyau, shi ya sa akawuna da masinjoji daga Unguwar Dosa har Unguwar Rimi suke bar masa kekunansu. In ya gama gyara sai ya hau keken ya kai wa mai shi har gida. Dawowa kuwa sai a ƙafa, kuma da yake ya bar kayansa a gindin bishiya ba mai tsaro, da gudu yake dawowa, ba takalmi. Haka ya yi shekara da shekaru, bai taɓa kawo wa ransa cewa ana ba mutum lambar yabo a kan irin wannan ba.

Ni ma ban lura ba sai wata rana da yamma, ina kan kekena daga Unguwar Dosa ina taka feda iya ƙarfina. Sai ga mutum ya zo ya jera da ni a guje, ya gaishe ni, ya tambaye ni 'yan makaranta, ya ce tayata ta baya na neman iska, sannan ya wuce ya bar ni ina haki. Ni ke fita da yara filin wasa a makarantarmu, na san gudu in na gan shi. Na kuma san duk shekara ana gwajin masu gudu a babban filin wasa na gari, waɗanda suka yi fice a tura su sansani a Legas, daga can a zaɓi masu wakiltar ƙasa. Na ba shi labari, ya yi ta dariya, amma ranar gwajin ya rufe famfonsa a buhu ya biyo ni.

Mai tsaron ƙofar 'yan wasa bai tambayi sunansa ba, bai tambayi irin gudun da yake yi ba. Ƙirjinsa ya kalla ya ce, "Rigar wa ka sanyo?" Isiyaku ya ce tasa ce, a kasuwar Kawo ya saya. Na kusa suka bushe da dariya. Nan aka yi mana bayani cewa ba a shiga gwaji sai da singiletin soja, ko na 'yan sanda, ko na kwaleji, ko na wata ma'aikata ko kamfani. Wato a wajensu wanda ba shi da ofis ba shi da ƙafa. Muka koma cikin 'yan kallo muka zauna a rana. Da aka gama gudun dogon zango, Isiyaku ya dubi wanda ya zo na ɗaya, ya ce mini, "Ticha, wannan ai bai bar kayansa a titi ba, shi ya sa ba ya sauri."

Da shekara ta zagayo, wani babban akawu mazaunin Unguwar Rimi, wanda Isiyaku ke gyara wa yaransa keke, ya ji labari. Shi ke riƙe da harkar wasanni a ma'aikatarsu. Ya kira Isiyaku ya miƙa masa singileti ruwan ɗorawa mai lamba a baya, ya ce ya sa kawai ya yi gudu a matsayin ma'aikacinsu, sauran ya bar masa. Isiyaku ya durƙusa yana ta "Allah ya saka, Yallaɓai". Inna Hajara ta wanke rigar duk da sabuwa ce, ta goge ta da dutsen guga na gawayi. Abin da ba mu sani ba shi ne kowace lamba akwai mai ita, kuma mai wannan lambar ƙanen matar akawun ne, wani saurayi da ban taɓa jin ya yi gumi ba. Daga baya na gane ba akawun ya ƙirƙiro dabarar ba. Al'ada ce, manyan filin duk sun san ta, aron riga ma suke ce mata.

Da idona na ga gudun nan. Ƙafarsa ba komai, a tsakiyar masu takalman ƙusa. Da farko ya bi ayari kamar mai jin kunya, can ya miƙe, tun ana ganin bayansa har ya zagayo ya tarar da na ƙarshe ya wuce su. Mutanen Hayin Banki da suka biyo mu, teloli da mahauta da masu faci 'yan'uwansa, suka tashi tsaye suna kiran Mai Faci har muryoyinsu suka dishe. Sai lasifika ta yi kururuwa ta sanar da wanda ya ci, ta kira wani suna dabam. Ba zan manta da tsayuwar Isiyaku ba, hannu a ƙugu, yana waige-waige yana neman mutumin da aka ce ya riga shi. Akawun ya zo ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya damu, ranar Litinin za a gyara.

Litinin ɗin nan har yau ba ta zo ba. Isiyaku ya yi ta sintiri zuwa Unguwar Rimi, tun ana ce masa Yallaɓai yana barci har aka daina buɗe masa ƙofa. Ni kuma na je ofishin wasanni. Wani jami'i ya ba ni kujera cikin ladabi, ya ce ƙa'idarsu riga da lamba ta sani, ba ta san fuska ba. Ya ƙara da cewa in na matsa, za a soke nasarar baki ɗaya, kuma abokina ne zai amsa laifin sojan gona. Kun ji fa, wanda aka yi wa fashi da rana tsaka shi ne mai laifi. Ƙanen matar akawu ya hau jirgin ƙasa zuwa Legas, ya dawo da kwat mai tambari a aljihu. An ce tun ranar farko a sansanin ya ce ƙafarsa na ciwo, ko zagaye ɗaya bai yi ba.

Daga nan Isiyaku ya daina gudu. Zai kai keke Unguwar Rimi ya dawo yana tafiya a hankali kamar dattijo, in za a sace sifana a sace. Singiletin kuwa ya yaga shi ya mayar da shi tsumman goge baƙin man sarƙa. Sau ɗaya na yi masa magana, ya ce, "Ticha, in na fara gudu yanzu sai in ji kamar wani nake yi wa." Ba zan yi ƙarya in ce su suka kashe shi ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a damina ta biyu bayan haka, kwana ya ƙare. Amma na zauna gida ɗaya da shi, na san mutumin da ya shiga filin nan da wanda ya fito, kuma raina bai daina ɓaci ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo Kaduna yau. Fam da sule da ya sani sun tafi, naira ta zo. Sunan jihar ma an canja. Gidajen Unguwar Rimi da yake kai wa keke yanzu motoci ne a ƙofarsu, filin wasan an shafe shi da sabon fenti. Manyan jami'an wasanni kuwa kullum suna gidan rediyo suna kuka, wai 'yan wasanmu suna fita waje suna dawowa hannu rabbana, wai matasan yanzu malalata ne, sai a kafa kwamiti a ci shinkafa a watse. Na san Isiyaku, ba zai yi musu gardama ba. Dariyar nan tasa ta gefen baki zai yi, ya tambaye ni ko an canja tambayar da ake yi a ƙofa. Ba a canja ba, na je bara na ji da kunnena.

Ga abin da na tarar a gidan Inna Hajara makon jiya. Ƙanen Isiyaku, Haruna, wanda yake yaro a wancan lokacin, yanzu shi ke riƙe da gindin dalbejiyar, ya gaji sana'ar, ya gaji kai keke da dawowa a guje, ya gaji ƙafar. A kan tabarmar Inna na ga sabon singileti shuɗi mai lamba a baya. Wani mutumin kamfani ne ya kawo, da irin alkawarin da aka yi wa Isiyaku, har da ƙarin cewa za a nema wa Haruna aikin gadi. Haruna yana son ya karɓa, kuma ban ga laifinsa ba, don ya ce mini babu wata ƙofar sai wannan. Inna ta dube ni ta ce, "Malam Yohanna, kai ka yi boko. In ya sa wannan, sunan wa za a kira?" Sai ta naɗe rigar ta ce a mayar wa mai ita, don ɗa guda ta taɓa ba su aro, ba su dawo mata da shi yadda ta ba su ba.

To, ku masu zaɓen 'yan wasan ƙasa, da ku nake. Ƙungiyar nan ta ƙasa ce, ba ta ma'aikatunku ba ce, ba kuma gadon ƙannen matanku ba ce. Mai faci yana biyan haraji, ɗan dako yana biya, in ƙasa ta ci nasara su ne ke cika titi da murna, me ya sa sai a wajen gwaji ne ba a san su ba? Ba wani abu mai wuya ake nema ba. Ku sanar da ranar gwaji a rediyo da Hausa, a yi shela a kasuwanni, maimakon ku manna ta a allon ofis inda talaka ba ya shiga. Ku bar duk wanda ya zo da ƙafarsa ya tsaya a layi da rigar da Allah ya hore masa. Wanda ya riga kowa a kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa a gaban jama'a, kuma shi ɗin ya hau jirgin Legas. In kuna tsoron cunkoso ku fara tacewa daga unguwanni, malaman makaranta irina za mu riƙe muku igiya kyauta. Amma na san ba cunkoso kuke tsoro ba.

Isiyaku bai bar lambar yabo ba, bai bar hoto ba. Abin da ya rage nasa shi ne guntun tsumman nan ruwan ɗorawa, da rabin lamba a jiki, Haruna na goge sarƙa da shi har gobe. Sai kuma mutanen Kawo, da in yaro ya sheƙa a guje sukan ce sai ka ce Mai Faci. Ranar gwajin bana Haruna zai zo ƙofarku da farin singiletinsa na kasuwar Kawo, ni ma ina bayansa. Mai yiwuwa ku kore shi, mun saba. Amma kafin ku kore shi ku tambayi sunansa, zai gaya muku, zai kuma gaya muku na yayansa. Wanda ya ci gudun dogon zango a rigar nan ruwan ɗorawa, wanda lasifikarku ta ƙi kira, sunansa Isiyaku, ɗan Inna Hajara, mai faci a Hayin Banki. Allah ya jiƙansa.