Tinya a Cikin Aguwa

Ƙanina mai haƙa kabari ne. Kowane kabari yakan dasa masa aguwa. Rassanta masu kauri ne, ruwan toka, ba ƙaya, in ka karya sai farin ruwa kamar nono. Shekarar da 'yarsa ta rasu idonsa ya soma dushewa, sai ya dasa mata tinya, mai ƙaya, don ya gane wurin da hannu.

Masu sharar maƙabarta suka tumɓuke ta, wai ruwanta na makantar da yara.

Da ya ƙi daina zuwa neman wurin, na ce, "Zauna gida, addu'a daga ɗaki ma tana isa."

Ya ce, "Yaya, ke ai kin san inda naki 'ya'yan suke."

Har ya rasu yana bin kaburbura yana shafa rassa, ko wani reshe zai soke shi.