Jakin Laka da Ordinatar Mai Mantuwa

Sanusi ya yi mini ƙazafi gaban maigidana Alhaji, ya ce ni ke lalata ordinatar, wato kwamfuta, don ban gama karatun lakwal ba. Shekara da shekaru ina buga katin biki a buron Alhaji, ɗan ofishinsa a Konni. Da tsohuwar na'urarmu ta mutu, shi aka kira, mai takardar gyara. Ya gina kwaikwayonta cikin sabuwa, ordinatar cikin ordinatar, don tsohon tsarin da muke aiki da shi ya ci gaba da tashi. Amma kullum da safe sai ta manta saitinta, ta rasa ta inda za ta fara. Alhaji ya ce in ta sake, in nemi wani aiki.

Ran nan ina kallon baƙin allon sai dariya ta kuɓuce mini, don na tuna jakin Kaka.

A Tajaye, ƙauyenmu, in an gama tuwo, mukan kewaye murhu tun garwashi bai mutu ba. Kaka ta miƙe ƙafafu, ta ce, "Ga ta nan tahe, ku matsa mata." Mu ce ta iso da gudu. Ta dungure ni: "Kai mijin banza, ka cinye tuwona ko goro babu, rufe baki."

Wai wani maginin tukwane ne ya gina jaki da laka, ya hura masa iska, jaki ya miƙe har da kuka. Matarsa ta koya masa hanyar rijiya. Gari na wayewa jaki ya manta. Nan Kaka za ta kafa hannu biyu a ka kamar kunnuwa, ta dube mu ɗaya ɗaya: "Baiwar Allah, daga ina? Mi ake ce ma rijiya?" Mu yi ta birgima har awaki su firgita. Magini kuwa matar yake zagi, wai ba ta iya kora ba. Sai wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa jakin, ta ji shi cushe, babu kogo. "Ina ka bar mashi wurin ajiya?" Aka rarake ɗan rami a ƙirjinsa, aka saka tsakuwar bakin rijiya. Bai sake ɓata ba.

Da ƙuruciya jakin nake yi wa dariya. Sai da furfura ta fito mini na tuna da matar, wadda ko a tatsuniya ba a ba ta haƙuri ba.

Tsohuwar na'ura tana da ɗan pil, wato batir, mai faɗin dala da ke riƙe mata saiti, na sha canza shi da hannuna. Ta kwaikwayo ba ta da pil, to me ke riƙe mata? Na matsa sai da Sanusi ya buɗe saitinta gaban Alhaji. Ashe akwai ɗan fayil da ake haɗa mata a madadinsa, shi kuwa bai haɗa ba. Nan take ya gyara yana zufa. Aka kashe, aka kunna, ta tashi daram.

Ya saɓa jakarsa zai fice, na tare ƙofa. Na ce, "Sanusi, kuskure kowa na yi. Amma da bakinka ka ɗora mini, da bakinka za ka sauke. Ga Alhaji nan zaune. Ina jira."