Kwanukan Shagona a Hannun 'Yata

Lokacin da rikici ya yi zafi a Bangui, har fita daga unguwarmu ta Kilomita Biyar ta gagare mu, sai na kwashe kayan shagona na kai gida. Kwanuka nake sayarwa, da tukwane da robobi, irin waɗanda manyan motoci ke kawowa daga Kamaru. Muka jibge su a rumfar tsakar gida da ɗakin Inna, mahaifiyata. Manya kowa na cikin zulumi, kunne na kan rediyo. Mutum ɗaya ce abin ya yi wa daɗi: 'yata, wadda ba ta daɗe da cika shekara uku ba. An hana ta leƙa waje, sai ga shago sukutum ya zo ya same ta har gida.

Aikinta na farko shi ne ƙoƙarin zama a cikin ɗan kwanon miya. Ta ajiye shi, ta juya masa baya, ta tsuguna a hankali kamar mai zama a kujera. Kwano ya sulluɓe, ta zube a ƙasa. Ta tashi ta harare shi, ta sake gwadawa. Inna na dariya har da hawaye.

"Ƙawata, wannan ai ko ƙafarki ba zai ɗauka ba."

"Zai ɗauka, Kaka. Shi ne ba ya so."

Daga nan ta koma kan kwanukan nan masu zuwa a jere, ƙarami cikin babba. Watsa su ba wuya, mayarwa ce aiki. Sai ta ɗora babba a kan ƙarami ta danna da ƙarfinta, in ya ƙi ta hau kai ta zauna. Ni da ba ni da aikin yi, ina gefe hannuna na ƙaiƙayi. Duk sanda na miƙa hannu sai uwarta ta ce, "Maigida, ƙyale ta mana, ba sauri take ba."

Wata rana da hantsi na ga ta ɗauki kwano biyu, ta haɗa bakunansu, ta tsaya tana kallo. Ba ta danna komai ba. Ta ajiye ɗaya, ta lalubo wani, ta zura shi ya shige sumul. Ta ɗago tana murna ta ce, "Na ya ni!" wato ya shiga ciki, da Sango, yaren garin, don shi ya fi kama bakinta. Inna ba ta yarda ba. Tun daga ranar ta ɗauki aikin koya mata Hausa da aike: ɗauko carbi a ƙarƙashin filo, sa ludayi a cikin tukunya, duba bayan ƙofa. Kalmar ƙarƙashi ta daɗe tana ba ta wahala, wajen faɗa da wajen nema.

Watanni suka tafi, yarinya ta ƙara wayo, sai ta shiga gina unguwa. Babbar tukunya ita ce masallacin Juma'a, murafai su ne kasuwa, ta shimfiɗa tsohuwar igiyar shanya ta ce titi ne. Na tambaye ta ina gidanmu. Ta ajiye kofi, ta ce, "Nan, bayan akuya." Akuyar maƙwabcinmu take nufi. Na ce to in akuya ta tafi kiwo fa? Abin ya dame ta sosai. Can ta ɗauko buta ta dasa kusa da kofin, ta ce bishiyar mangwaron ƙofar gida ce, ita ba ta zuwa ko'ina.

Da ƙura ta ɗan lafa muka fara buɗe shaguna, yarinya ta maƙale sai ta bi ni kasuwa. Na riƙo hannunta muka tafi. Da muka zo daidai masallaci na ce, "Wane hannu yake?" Ta ɗaga na dama ta ce, "Hannun cin tuwo."

A hanyar dawowa ta ja ta tsaya cak a tsakiyar hanya, ido waje.

"Baba, an ɗauke masallaci!"

"Ga shi can kuwa."

"A'a, ɗazu a hannun tuwo yake. Wa ya mayar da shi can?"

Na kama kafaɗunta na juya ta ta fuskanci kasuwa. Masallaci ya dawo dama. Na sake juya ta wajen gida, ya koma hagu. Ta ƙwace, ta juya da kanta, ta sake juyawa, tana leƙensa da wutsiyar ido kamar za ta kama shi yana tafiya. Wani mai sayar da wayoyi ya fito daga rumfarsa yana tambaya ko lafiya. Kafin in amsa ta ce masa, "Kawu, ba shi ne ke yawo ba, ni ce."

Muna isa gida ta tayar da Inna daga kan tabarma, wai sai ta nuna mata. Ta yi ta juya tsohuwa a tsakar gida har jiri ya ɗebi Inna, ta dafa bango tana cewa a kawo mata ruwa, ta yarda.