Orval da Bindigar Gidanmu

Orval Stensrud makanikin tarakta ne a garinmu, a arewacin Wyoming. Bai yi aure ba. Abin da ya tara a duniya tsofaffin bindigogi ne, masu gajeren baki, irin waɗanda ake ja musu mariƙi ƙasa harsashi ya hau. Shi da abokansa suna kiransu "na masu tarko", wato mafarautan da masu kama dabbobi da tarko. A wurinsu bindiga iri biyu ce: wadda "ba a taɓa ba", da duhun ƙarfenta da dauɗar hannun mutanen da, sai wadda "aka wanke", wato aka goge ta har ta yi ƙyalli. Ta biyun ko kallo ba ta ishe su ba.

Ranar da muka binne ɗana Wendell, mutane suka biyo mu gida daga coci. Orval ya zo da kwat ɗin aro, ya tsaya a falo riƙe da kofin gahawa. Sai idonsa ya kai kan bindigar kakan mijina da ke rataye a bango, tana ƙyalli.

"Kai! Wane mara imani ne ya wanke wannan?" Da ƙarfi ya faɗa, don kunnensa ɗaya ya mutu. "Shekara ɗari ya kankare da samfefa. Ai hannun nan ya cancanci bulala."

Kowa ya juyo ya kalle shi. Mijina Arlo ya ce, "Wendell ne. Bara ya goge mini ita, kyautar Kirsimeti."

Orval ya ajiye kofin a ƙasa, ya fita ba hula.

Bai sake shiga gidanmu ba. In dusar ƙanƙara ta sauka, mukan tashi mu tarar an share mana hanya har bakin titi. In ya hango ni a kanti, sai ya koma bayan buhunan abincin shanu. Arlo kuwa ba shi da wani abokin hira sai Orval, ga shi kullum zaune a gida shi kaɗai.

Wata safiya na kama Orval da shebur a hannu, yana share mana hanya.

"Orval, tsohon banza, har yaushe za ka riƙa yi mana aikin aljanu? Shigo, Arlo na jiranka."

"Malama Inga, bakina ne..."

"Na san bakinka. Goge takalminka."

Ya shigo. Ya ja kujera ya juya wa bangon da bindigar take rataye baya, hularsa a gwiwa. Arlo ya zuba masa gahawa, ya tambaye shi ko taraktar maƙwabcinmu Lindqvist ta tashi.